Jakar da ke ƙarƙashin gadon Inna

Disamba ta kusa, kuma duk mazaunin Ikko ya san abin da ke tafe: banga, abin wasan nan mai fashewa da ƙara. Tun tsakiyar wata yaran unguwa za su fara kunna ta, tas-tas-tas, wani lokaci a saki guda mai ƙarfi har tagar ɗaki ta amsa. Mu da aka haifa a nan ko a jikinmu, iyaka mu ja tsaki mu ce yaran nan ba sa jin magana. Amma bara na ga abin da ya hana ni barci, shi ne na ce sai na rubuta kafin ta bana ta zo, ko da za a ce Malama ta cika dogon zance.

Gidan da muke haya a Agege irin mai ɗakuna a jere ne, ƙofa na kallon ƙofa, kicin ɗaya, bayi biyu. A ɗaki na huɗu akwai wata baiwar Allah 'yar Bama da mijinta da 'ya'yansu uku. Ranar muna tsakar gida bayan magariba, tana tankaɗen garin tuwo, ni ina gyaran alayyahu, sai wani yaro ya jefo banga ta saman katanga. Kafin ƙarar ta gama fita matar nan ta riga ta kwanta rub da ciki, rariya can, gari can. Wannan bai ba ni mamaki ba, na san inda ta fito. Autarta ce ta tsaya mini a rai, yarinya 'yar shekara biyar. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira uwarta ba. Da gudu ta faɗa ɗaki, ta kutsa ƙarƙashin gado, ta toshe bakinta da hannu biyu. Bakinta fa, jama'a. Yaron da ƙara ta dama kunne yake toshewa. Mai toshe baki ɓuya yake yi, kada a ji numfashinsa.

A Agege aka yanke wa yarinyar nan cibi. Ba ta taɓa taka ƙasar Borno ba, Yarabancinta ma ya fi Barbarcinta kyau. To wa ya koya mata?

Bayan kwana biyu na tambayi uwar. Ta ce, "Wallahi Malama ban taɓa gaya mata komai ba. Ko zancen yaran nan ba na yi a gabanta." Yaran nan, haka suke ce wa Boko Haram, har yau bakinsu bai saba da kiran sunan ba. Na kuwa yarda da ita. Sai da muka daɗe muna shiru sannan ta ba ni labari, tana yi tana kallon tafin hannunta. A watan Satumba na 2014 aka shigo Bama. Da ƙafa suka kama hanyar Maiduguri ta Konduga, tafiyar da ta kai kilomita saba'in, tana goye da ɗanta na fari. Damina ce, dawa ta yi tsawo, ita ta rufa musu asiri. Duk lokacin da suka ji ƙarar babur sai su kwanta cikin gona, ta sauko da jaririn ta danne masa baki da hannu. Ta ce akwai lokacin da ta danne har ya daina motsi, ta ɗauka ta kashe shi da kanta.

Yaron yana nan da ransa, yana ajin ƙarshe na firamare. Amma mijinta ya gaya mata cewa har yanzu, idan janareton maƙwabta ya yi tari cikin dare, sai hannunta ya tashi da kansa, tana cikin barci, ya lalubo bakin duk yaron da ke kwance kusa da ita ya rufe. Shekara biyar autar nan tana kwana a gefenta.

Ga amsar tambayata. Da hannu aka koya mata.

Kafin in faɗi abin da ke cina, bari in ba mutanenmu haƙƙinsu. Rikicin arewa maso gabas ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu, kuma waɗanda suka gangaro Kurmi ba a jera musu tantuna kamar na Dalori da Bakassi a Maiduguri ba. Zumunci ne ya zama sansaninsu. Mutum ya sauko daga kan tirelar shanu ko ta albasa da riga ɗaya, a ba shi wurin kwana a barandar masallaci, washegari wani ɗan garinsu ya kai shi kasuwar Mile 12 dako, ko ta Alaba Rago, ko a haɗa shi da kurar ruwa, ko gadi a Ikeja, ko a tsaya masa ya karɓi babur ya riƙa biya sannu-sannu. Idan ya ɗan tsaya da ƙafarsa ya aiko a kawo masa iyali. Na ga matan unguwarmu suna haɗa tukwane da zannuwa su kai wa baƙuwar da ko sunanta ba su gama riƙewa ba. Wannan abin alfahari ne, ba na raina shi.

Sai dai ciki muka ciyar. Da baƙo ya buɗe baki zai faɗi abin da ya gani, sai mu yi maza mu rufe shi da kalma uku: a yi haƙuri. Ya wuce. Ƙaddara ce. Wani ma ya ƙara da cewa ka gode wa Allah kai ka tsira. Niyya mai kyau ce, na sani, ni ma na sha faɗa. Amma in za mu gaya wa kanmu gaskiya, sau da yawa don kanmu muke faɗa, saboda ba za mu iya jure jin labarin ba. Mai labari kuwa yana da kara, ya gane ba a son ji, sai ya haɗiye. Abin da aka haɗiye kuma ba ya narkewa. Yakan fito ta hawan jini, ta rashin barci, ta ciwon kan da panadol ba ya taɓawa, ta saurin hannu a kan yara.

Mijin maƙwabciyar tawa mutum ne mai sanyi, gaisuwa har ƙasa. Acaɓa yake yi. An fara taƙaita acaɓa a manyan sassan Legas a watan Fabrairu na 2020, aka ƙara tsanantawa a watan Yuni na 2022, kuma a cikin kamen da ya biyo baya aka ɗauke masa babur saura kaɗan ya gama biya. Ba zan shiga gardamar dokar ba, kowa da hujjarsa. Abin da na gani shi ne mutumin da aka ƙwace wa gida da gona da shago a Bama, ya sake ginawa daga babu, aka sake karɓewa da rana tsaka. Wata uku yana zaune a bakin ƙofa yana kallon bango. Ranar da babban ɗansa ya fasa kofi, dukan da ya yi masa sai da maza biyu suka riƙe shi. Bayan nan ya shiga bayi ya yi kukan da duk gidan muka yi kamar ba mu ji ba. Yaron nan da aka toshe wa baki a gonar dawa, yanzu idan malami ya ɗaga murya a aji sai ya sandare, ko sunansa ba ya iya faɗa. A takarda za a rubuta masa daƙiƙi.

Na san masu cewa wannan duk zancen Turawa ne, kakanninmu sun ga yaƙi da yunwa ba su je wurin likitan ƙwaƙwalwa ba, imani ya ishe su. To mu je ga imanin. A cikin suratu Yusuf, Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma a ayar da ke biye aka gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Haƙurin da baƙin cikin suna jere, ɗaya bai kore ɗaya ba. Da Muhajirai suka isa Madina zazzaɓi ya kama Sayyidina Bilal, yana kwance yana rera baitocin begen Makka, yana kiran ciyayinta da ruwanta da duwatsunta da sunayensu. Da Nana A'isha ta kai labari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce a gaya masa ya yi shiru ya gode wa Allah ba. Addu'a ya yi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Sannan ga Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Ya musulunta, an karɓi musuluncinsa, amma Annabi ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An yafe, ciwon kuma yana nan. Idan mafificin halitta ya ji nauyin ganin fuskar da ke tuna masa rashi, wace ce ni da zan ce wa 'yar Bama ƙarancin tawakkali ne ya kwantar da ita a ƙasa don ta ji banga?

Masu bincike ma sun daɗe da lura. A 1966 wani likita a Montreal ta ƙasar Kanada, Vivian Rakoff, ya rubuta cewa 'ya'yan Yahudawan da suka tsira daga sansanonin Hitila suna zuwa asibiti da damuwa mai tsanani, alhali bayan yaƙin aka haife su. A 2015 Rachel Yehuda da abokan aikinta a New York suka ce sun ga alamar canji a yadda wata ƙwayar halitta mai alaƙa da firgici ke aiki, a jikin waɗanda suka tsira da kuma 'ya'yansu. Mutum 32 kacal aka gwada cikin iyayen, shi ya sa masana da yawa suka ce a bi a hankali, kuma ni ma ba na son yadda ake yawo da maganar a intanet kamar an gama tabbatar da cewa tsoro yana bin jini. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken da aka buga a 2010, inda aka auna mutum 1,339 a Enugu, aka tarar waɗanda suna ciki ko suna jarirai lokacin yunwar yaƙin Biyafara sun fi sauran yawan hawan jini da matsalar sukari, shekara arba'in bayan an ajiye bindiga. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da aka yi rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa zuwa abin da ya fi ta. Ku lura, ɗaya cikin biyar. Ma'ana mafi yawa suna miƙewa, kuma addu'a da jama'a da sana'a suna cikin abin da ke miƙar da su. Maganata a kan na biyar ɗin ce, da yaran da ke kwana a ɗakinsa.

Akwai kuma wani ciwo da ba mu da sunansa. Mu mutane ne masu tsarin makoki: a yi wanka, a yi salla, a kai, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mace ta yi takaba ta fita. Duk wannan hanya ce da aka shimfiɗa wa zuciya ta bi ta sauka. To wanda ba a ga gawarsa ba fa? Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana da rajistar fiye da mutum dubu 20 da suka ɓata a Najeriya, mafi yawa saboda rikicin arewa maso gabas, kuma da yawansu yara ne lokacin da suka ɓata. A fiƙihun Malikiyya matar wanda ya ɓata takan kai magana gaban alƙali, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi idda. Wannan ya warware zancen aure. Uwa fa, shekara nawa za a ɗibar mata? Mahaifin maƙwabciyata yana cikin waɗanda ba a sani ba. In ta yi masa addu'a takan rasa ko ta ce Allah Ya jiƙansa ko Allah Ya bayyana shi, sai ta haɗa duka biyun.

Yanzu bari in daina nuna ɗakin wasu da yatsa, in shiga namu.

A Idi Araba aka haife ni. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai ya yi ta fashewa a barikin Ikeja, mutane suka ɗauka yaƙi ne ko juyin mulki, fiye da dubu suka mutu, akasarinsu a magudanar ruwan Oke-Afa wajen gudu. Ba a yi mako guda ba faɗa ya ɓarke a unguwarmu tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka kashe mutane wajen ɗari, aka ƙone gidaje. Ina shekara biyar. Abin da nake tunawa kawai warin hayaƙi, da wata tsohuwa tana ba ni agidi a baki. Daga nan muka koma Agege, kuma ba a sake tayar da zancen a gidanmu ba. Ko sau ɗaya.

Amma ga yadda muka tashi. Ƙarƙashin gadon Inna akwai jakar Ghana-mas-go da ba a taɓawa. Takalma a bakin ƙofa kullum su kalli waje. Hijabi a gefen filo. Magariba ba ta yi wa kowa a titi. In ƙawata Bayarabiya ta gayyace ni gidansu, Inna ta ce a'a, ba dalili. Kawuna, ƙanen Inna mai teburin shayi, an ce mana ya tafi Arewa, muka yi ta jiran ya dawo da tsaraba har muka manta da jira. Na girma ina ɗauka duk wannan tarbiyya ce kawai. Sai da ɗana ya tambaye ni kwanaki, "Umma, me ya sa takalmanmu kullum suke kallon waje?" Na buɗe baki na rasa amsa. Na duba kaina: a danfo, motar hayar Legas, kusa da ƙofa nake zama ko da zan jira mota ta gaba, takardun makarantata suna cikin leda ɗaya a inda hannu zai kai cikin duhu, kuma na taɓa hana shi zuwa bikin ranar haihuwar ɗan ajinsu ban san me ya sa ba. Na sani mana. Sunan yaron ne bai yi mini ba.

Bayan abin bangar nan na je na sami Inna. Na ce, "Inna, don Allah me ya faru a Idi Araba?" Ta ce, "Ke dai kin cika tone-tone." Na yi shiru, na ci gaba da matsa mata ƙafa. Can ta ce in jawo jakar.

Takardun haihuwarmu ne a ciki, da tocila, da ashana, da garin kwaki da take sauyawa duk bayan 'yan watanni, da kuɗi a ƙulle cikin safa. A can ƙasa kuma wani zane na Yarabawa, shuɗi, ya koɗe. Ta ce na Iya mai gidan da muke haya ne. Ranar da abin ya taso, matar nan ta ja mu ɗakinta, ta kwance wa Inna lulluɓi ta ɗaura mata wannan zane da ɗankwali irin nasu, ta cusa mu cikin jikokinta, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Samari suka zo da adduna suna tambaya ko akwai mola, wato Bahaushe, a gidan. Ta rantse musu babu, ta zage su tas, ta kira uwar ɗaya daga cikinsu da suna. Kwana biyu muna ɗakinta kafin motar sojoji ta kwashe mu zuwa bariki. Ita ce tsohuwar agidin. Kawu kuwa ya fita duba teburinsa da safiyar farko, ba a ga ko takalminsa ba.

Na yi kuka, amma har da haushi a ciki. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da tsoron Bayarabe, har na fara zuba wa ɗana, ban taɓa sanin Bayarabiya ce ta sa ranta a bakin ƙofa dominmu ba. Shirun Inna bai tace komai ba. Ya binne addunan, ya binne Iya tare da su, tsoron kaɗai ya tsallake ya iso gare mu. Nan ne na fi jin tsoron abin da muke yi wa yaran Bama da Gwoza da Baga da ke tasowa a Agege da Ijora. A kowane labarin gudu akwai wanda ya ba da ruwa, akwai direban da ya tsaya, akwai wanda ya goya tsohuwar da ba tasa ba. Idan ba a ba su labarin ba, firgicin za su gada ba tare da waɗannan mutanen ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a tara mata a masallaci a ce kowa ta faɗi yadda aka yanka nata ba. Masana ma sun daina ba da shawarar a matsa wa wanda abu ya sama ya amayar da labari nan take, don yakan ƙara wa wasu ciwo. Ban kuma ce a zaunar da 'yar shekara biyar a kwatanta mata gawa ba. Ana ba yaro gwargwadon abin da zai iya ɗauka, kamar yadda ake yaye. Garinmu sunansa kaza, muna da gona da bishiyar tsamiya a ƙofar gida, miyagu suka zo muka gudu, wani bawan Allah ya taimake mu, shi ya sa Umma take firgita in ta ji ƙara, ba laifinki ba ne, kuma nan babu su. Wannan jimla ta ƙarshe ita yaro ya fi bukata, don yaron da ba a yi wa bayani ba kansa yake ɗora wa laifi.

Sauran aikin namu ne, mu maƙwabta. In ta fara magana, mu riƙe "a yi haƙuri" a baki na minti goma, mu bari ta kai aya. Limamai da masu ruƙiyya su ma su san cewa ba kowace firgita ce iska ba. A yi addu'a, a kuma ce je ki a auna jininki, je ki ga likita. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda sunanta ma dokar mahaukata. Duk da haka muna da asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a nan kusa, mun mai da sunansa abin zagi a bakin yara, har mai bukata yana jin kunyar a gan shi a hanyar. Alhali tun a shekarun 1950 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar mai larurar ƙwaƙwalwa yana zaune cikin ƙauye tare da danginsa, har da haɗa hannu da masu maganin gargajiya. Abin da Turawa suka zo suna koyo a wurinmu ne muke cewa nasu ne.

Bana dai mun yi shawara da maƙwabciyata. Tun kafin a fara za mu sayo banga guda, mu kira autar da rana, yayanta ya kunna a gabanta tana riƙe da hannun uwarta, ta ga takarda ce da hoda. Uwar ta ce ita ba ta yi alkawarin tsayawa a tsaye ba. Na ce in ta kwanta ma ba komai, sai mu kwanta tare.

Inna kuma na ce ta shirya mu je Idi Araba mu nemi gidan, in Iya ta rasu ko jikokinta ma gani, mu mayar da zanen. Ta ninke shi ta mayar ƙasan jaka, ta ɗora garin kwaki a kai, ta ce sai bayan salla. Salla biyu ke nan ta wuce.